Aron Tagwaye

Ni dai bakina ne matsalata, kowa a gidanmu ya sani. In abu ya ci mini rai sai na amayar da shi, ko a gaban wa. Amma a kamfanin robar da nake aiki na koyi ɗinke shi tsaf, saboda katin asibiti. Ƙodar maigidana ta daina aiki, sau biyu a mako ake ɗora shi a kan na'ura a wanke masa jini, kuma katin da kamfani ke ba cikakkun ma'aikata da iyalansu shi ke ɗauke da wannan nauyin. Duk ran da aka kore ni, ran nan katin zai mutu. Abin da zai biyo bayan katin kuwa ba na ma son bakina ya furta shi.

Aikina liƙa takardar shaida a jikin bokitai da kujerun roba. Yatsuna kullum a danƙare suke da gam, shi ya sa ake ce mini Uwar Gam. Wanda ya laƙaba mini sunan shi ne Sarkin Lodi, wani ƙaton bawan Allah da ya fi kowa daɗewa a sashen lodi. Yana da wata tsohuwar mota da yake kabu-kabu da ita ranar hutu, ƙofarta ta baya sai an ɗaga ta sama kafin ta rufu, ga hoton 'yan tagwayensa mata yana lilo a jikin madubi. Shi ke kai mu asibiti ranar wankin jini kafin ya wuce aiki. Mu a bene muke, maigidana kuwa ƙafafunsa sun kumbura, to Sarkin Lodi ne ke goya shi ya sauko da shi, yana tsokanarsa wai buhun garin roba ya fi shi nauyi.

Ana nan sai ga Daktar Gobe. 'Yar ƙanwar mahaifiyata ce, tana digiri na uku a sashen tattalin arziki na jami'a, mu muka sa mata sunan tun tana yawo da jakar littattafan da ta fi ta nauyi. A wurin aiki babu wanda ya san ina da ita. Ta zo wata ranar hutu da yamma, ta gaida maigida a kan gadonsa, ta ajiye wayarta a tsakaninmu.

"Yaya, bincike nake kan yadda masana'antu ke ƙara yawan kayan da suke fitarwa ba tare da sun ƙara ma'aikata ba. A alƙaluma abin gwanin sha'awa. Ni kuma so nake in san daga jikin wa ake cire shi."

"Daga jikin uwarki," na ce. "Ɗauke wayar nan."

"Haba Yaya. Babu sunanki, babu sunan kamfani. Doka ce a wurinmu, kwamiti guda ne da mu wanda ba shi da aiki sai kare masu ba mu amsa."

Da na sani na kore ta da tsintsiya. Amma abin ya daɗe yana cina, kuma yarinyar nan ta iya sauraro. Sai na kwance mata komai. Na gaya mata injin buga bokiti yana da murfin kariya, in hannu ya kusanci bakinsa sai ya tsaya cak. To tsayawar nan tana rage gudu, don haka duk ran da aka samu babbar oda sai a kwance murfin a jingine shi a bango. Na gaya mata yarinyar da injin ya cinye wa yatsu a gabana, ko iya ɗaura ɗankwalin aiki ba ta gama koya ba. Na gaya mata ran da masu duba lafiyar ma'aikata za su zo, da sassafe ake mayar da murafen, masu bandeji kuma a tura su sito na baya, bayan tulin kujeru, a kulle sai baƙi sun tafi. Da raina ya gama ɓaci na ce, "Kujerun roba sun fi mu gata. Su in sun fashe narkar da su ake yi a sake bugawa."

Ta ce wannan maganar ita ce zuciyar babin gaba ɗaya. Ni kuma, wawiya, har da jin daɗi.

Tana tafiya tsoro ya shigo ya zauna. Na yi ta kiranta ina cewa ta goge, tana lallashina, har dai ta ce za ta kawo mini abin da ta rubuta in gani da idona. Ta kuwa kawo. Ta karanta mini: Mai Amsa ta Tara, mace, ta haura arba'in, tana sashen liƙa takarda, mijinta na jinyar ƙoda.

Wallahi ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. "Ke wace irin dakta ce? Kin cire sunana kin manna hotona! Mata nawa ne a sashen liƙa masu miji a kan na'ura? So kike ki kashe mini shi?"

Ta ce akwai hanya, an yarda su sauya kamannin mai amsa in dai maganar ba ta sauya ba. Sai dai dole wanda za a ƙirƙira ya yi kama da irin mutanen da ke aiki a wurin da gaske, in ba haka ba malamin da ke duba aikinta zai ce shaci-faɗi ne.

"Ban da ku, su wa ke ganin abin da ke faruwa a sito?"

"'Yan lodi."

"To namiji, ɗan lodi. Yaya 'yan lodinku suke?"

"Magidanta ne, sun daɗe. Albashin ba ya isa, wani sai ya haɗa da kabu-kabu."

"'Ya'ya fa?"

"Sa masa tagwaye ma in kin ga dama, ke dai ki raba ni da shi!"

Ta yi dariya ta rubuta, ni ma na yi, har maigida daga kan gado ya ce an yi masa kishiya namiji. Na rantse da Wanda raina ke hannunSa, fuskar Sarkin Lodi ko sau ɗaya ba ta gifta mini ba. Mutum nake ƙerawa don in ɓuya a bayansa, hannuna kuma ya ɗauko abin da ya fi kusa da shi. Ranar na yi barci mai daɗi.

Watanni suka wuce har na manta. Sai wata rana da rana tsaka, ina cin abinci, Daktar Gobe ta kira, tana ta murna. Ta gabatar da binciken, an yi mata tafi. Sashensu ma ya gayyato masu masana'antu don a riƙa haɗa kai da jami'a.

"Har wani ya tsaya bayan an tashi ya nemi kwafi. Mutum mai kirki, Yaya, magana yake a hankali kamar ba ya son ya tashi jariri."

Nan take na gane mutumin. Manajanmu Sannu-Sannu muke ce masa. Bai taɓa ɗaga murya ba, ko korar mutum zai yi sai ya tambaye shi ya iyali.

"Ba ki ce babu sunan kamfani ba?"

"Babu! Na dai ce kamfanin bokitai da kujeru a bayan layin dogo."

"Nawa ne a bayan layin dogon, dakta?"

Namu ne kaɗai, ita ma ta sani.

Washegari aka kashe injuna, abin da ba a yi ko da wani ya ji rauni, aka ce kowa ya hallara a ɗakin cin abinci. Sannu-Sannu ya tsaya kusa da randar ruwan sha da takardu a hannunsa. Ya gaishe mu, ya yi mana ya gida. Ya ce wani a cikinmu ya kai kukansa jami'a, shi kuma ya ga bai kamata a hana sauran ji ba.

Ya fara karantawa. Jama'a, ban taɓa sanin tsoro yana da ɗanɗano ba sai ranar, kamar na tsotsi ƙarfe. Maganata ce ke fitowa daga bakinsa, kalma bayan kalma, murfin da ake jinginewa a bango, yatsun yarinyar nan, kwaɗon sito. Da ya zo kan kujerun da suka fi mu gata wani ya yi dariya a baya, ya haɗiye ta da sauri. Na dafa tebur, gam ɗin yatsuna ya kama ledar teburin. Gani nake kowa ya san haka nake magana. Ina ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina, a raina kuwa ba na ganin komai sai maigidana kwance, na'ura a kashe.

"Sun ɓoye sunansa," in ji Sannu-Sannu, "sun kyauta. Ga dai abin da suka ce. Mai Amsa na Tara, namiji, magidanci, ya daɗe a sashen lodi. Yana kabu-kabu don albashi ba ya isarsa." Ya ɗago kai ya yi murmushi. "Yana da tagwaye."

Kawuna suka juya gaba ɗaya. Sarkin Lodi yana jingine da ƙofa yana sakace, da ya ga ana kallonsa sai shi ma ya waiwaya ya ga wa ake kallo. Bango ne a bayansa.

"Ni? Ranka ya daɗe, ni ko hanyar jami'a ban taɓa ɗaukar fasinja ba."

"Ba mu da zalunci a nan," in ji Sannu-Sannu. "Ajiye mana katinka da hularka ta aiki ka je ka huta. In ba kai ba ne, kawo mini wanda ya yi kafin mako ya ƙare, ka koma bakin aikinka. Ƙofata a buɗe take. A gaida 'yan biyu."

Masu gadi suka raka shi. Ya wuce ta gabana yana ta juya tafin hannu, har ya ce mini, "Uwar Gam, kin ji wani ikon Allah?" Ni mai bakin da ba ya shiru, ko uffan ban ce ba.

Na shige banɗaki na kira Daktar Gobe, na zage ta tas, ita da digirin da kwamitin nasu. Tana kuka ta ce yanzun nan za ta rubuta wa kamfani ta shaida musu kamannin mai amsar ƙirƙira ne, ba shi ba ne. Can kuma ta sake kira. Malaminta ya ce doka ba ta yarda su ce wane ne ko ba wane ba ne, kuma in suka ce an sauya kamanni, kamfani zai gane mai maganar yana nan ciki, ya shiga tankaɗe da rairaya.

"Amma in kin ce in rubuta, Yaya, wallahi zan rubuta, ko za su kore ni."

"Kada ki kuskura!"

Da ƙarfi na faɗa, har bangon banɗakin ya amsa. Na tsaya ina jin abin da bakina ya ce. Na ji kunya, amma tsoro ya fi kunyar yawa, ban kuma janye ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. In aka kira wani a lasifika sai in ɗauka ni ce. Na liƙa takardar bokiti a jikin kujeru har sai da ta kusa da ni ta zungure ni. Sannu-Sannu ya tsaya a teburina ya ce, "Ya mai jiki? Katin dai yana aiki ko?" Wataƙila gaisuwa ce kawai. Ni dai sai da na je na yi amai. A gida maigida ya daina yi mini magana sai da ido, don ya ji komai tun daga ranar da aka ƙera mutumin ƙaryar.

Ranar wanki ta zagayo. Na riga na yi magana da wani mai tasi, ina cikin sa wa maigida safa sai na ji hon ɗin da na sani, mai kama da kukan akuya. Kafin in yi wani tunani Sarkin Lodi ya hawo, ya cika ƙofa.

"Yau ba na sauri, Malam, an ba ni hutun dole. Hau mu je."

Ya goya shi ya sauko. Na ɗaga ƙofar baya na rufe, na zauna kusa da maigida. Hoton 'yan biyu yana ta lilo a gabana, sun yi anko, ɗaya ba ta da haƙoran gaba.

Mun ɗan yi tafiya ya ce, "Uwar Gam, abin nan ya hana ni sakat. Wanda ya yi mini wannan ya san ni. Ya san motata, ya san 'ya'yana. Ina ta tunanin wa na ɓata wa a wurin nan, na rasa. Jiya ƙaramar ke tambayata wai ko an yi mana hutun makaranta ne mu ma." Ya yi 'yar dariya. "Uwarsu kuwa cewa take in ni ne in faɗa mata gaskiya. Yau zan je wurin manaja, ban san me zan ce masa ba. Ke da kike jin maganar mata, ba ki ji an ambaci kowa ba?"

"Ke za ki faɗa," in ji maigida, "ko ni?"

Na damƙe cinyarsa. Na matso da bakina kunnensa na ce ya rufa mini asiri, ya rufa wa kansa, ya tuna inda za mu yanzu. Ya cire hannuna a hankali.

"Jinina za a wanke. Ban yarda a wanke shi da abincin 'ya'yan mutane ba."

Sai na faɗa. Ban san ta inda na fara ba, na dai faɗi Daktar Gobe, da wayar, da yadda aka rubuta ni ƙiri-ƙiri, da yadda na ce a sa tagwaye. Na rantse masa ban nufe shi ba. Na yi ta rantsuwa har na ji rantsuwar ta fara yi mini ɗoyi a baki. Bai waiwayo ba, bai taka birki ba. Ƙeyarsa kawai nake gani, da hannunsa a kan sitiyari.

A asibiti ya buɗe ƙofa ya durƙusa, maigida ya hau bayansa, ya haura da shi matakala ya kwantar da shi a gadon da aka saba, har da gyara masa filo. Sannan ya miƙe ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Bari in je, manaja na jirana."

Na yunƙura zan bi shi. Niyyata in zube a gabansa a tsakiyar mutane in kama ƙafarsa. Maigida ya riƙe mini gefen mayafi, da ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya girgiza kai.

Nas ta karɓi katin ta duba a kwamfuta, ta daɗe tana kallo. Ashe kwamfutar tasu ce ke nawa. Aka soka masa allurai, jini ya bi ta robar ya shiga na'ura ya dawo. Na sha zama a wurin nan, amma ranar ce na kalli abin da kyau, ina tunanin ko wannan ne na ƙarshe. Duk wanda ya turo ƙofa sai na zabura. Wayata tana kan cinyata, na juya ta na kife, na sake juyawa. Ina lissafa inda ya kai: yanzu ya wuce layin dogo, yanzu yana bakin get, yanzu Sannu-Sannu yana tambayarsa ya 'yan biyu. Kalma ɗaya zai faɗa ya karɓi hularsa, kuma wallahi ko a gaban Allah ba shi da laifi. Maigida kuwa barcinsa ya yi, har da minshari. Na ji kamar in shaƙe shi, na kuma ji kamar in kwanta a kansa in hana kowa taɓa shi.

Ana cire alluran sai ga Sarkin Lodi. Babu hula a kansa. Ya durƙusa, ya goya, muka fita. Da na shiga mota na ga madubin wayam, ya cire hoton.

Muka isa gida. Ya haura da maigida, ya kwantar da shi, ya ce Allah Ya ƙara sauƙi. Na biyo shi matakala.

"Don girman Allah, me ka ce masa?"

Ya tsaya, ya ba ni baya. "Na ce ni ne."

Na zauna daɓas a kan matakala.

"Ya ce har maganar kujeru? Na ce har ita, ai gaskiya ce. Ni na sha kulle siton nan da hannuna." Ya juyo, idanunsa sun yi ja. "Kada ki gode mini, ba don ke na yi ba. Na goyi mutumin nan, na san abin da ya rage a jikinsa. Ranar wanki zan riƙa zuwa in ɗauke shi. Ke ki nemi wata motar."

"Sarki…"

"Abu ɗaya nake so. Ki ce wa 'yar uwarki ta cire mini 'ya'yana daga littafinta. Ba ta taɓa ganinsu ba."

Ya sauka. Na ji ya ɗaga ƙofar baya ya rufe, motar ta yi tari ta tashi.

A nan kan matakalar na kira Daktar Gobe na gaya mata saƙonsa. Sannan ta ce an riga an buga, an yi masa bango, an kai ɗakin karatu, an kuma ɗora a shafin jami'a, ko wasali ba a taɓawa. Wai har wata mujalla ta nemi babin.

Ranar wankin da ta biyo baya na tsaya a bakin titi ina jiran bas, katin yana cikin jakata. Motar ta zo ta wuce ni, maigidana a gaba, ya jingina kansa da gilashi. Na ɗaga hannu, shi kaɗai ya ɗago mini.